FUREN FIYONI: YADDA AKE SHUKA SHI, DA INDA YAKE YI

Maganarmu ta yau a kan wani fure ce da ake kira fiyoni. Watakila wani ya ce, me ya haɗa manomi da fure, abin da ba ya shiga tukunya? To, a waɗansu ƙasashe furen nan amfanin gona ne sosai, kamar yadda citta ko riɗi suke a wurinmu. Ana sayar da furensa, ana haƙa saiwarsa a yi magani, ana matse 'ya'yansa a sami mai. Ban da wannan, masu sayar da dashen furanni a bakin titi suna ganin hotonsa a waya, masu gidaje suna tambayarsu, 'yan kasuwa kuma suna tallar irinsa. Kafin ka zuba kuɗinka, ya kamata ka san halin shukar nan tun daga saiwa har fure.

IRI NAWA NE?

Iri biyu ne manya, na uku kuma ɗansu ne.

Na farko shi ne mai ɗanyen kara. Tsayinsa ƙafa 2 zuwa 3. In sanyi ya shigo sai ganye da kara su bushe ƙurmus, ka ce ya mutu. Bai mutu ba, ransa yana cikin saiwa, kamar yadda citta da gangamau suke yi da rani. Saiwoyinsa masu kauri ne kamar ƙananan rogo, a samansu kuma akwai idanu jajaye. Kowane ido shi ne karan baɗi. Mutanen Sin suna kiransa shawyaw.

Na biyu shi ne mai itace. Ba babbar bishiya ba ce, tsayinsa ƙafa 4 zuwa 6, kamar lallen da aka bari ya girma. Ganyensa yana zuba da sanyi, amma rassan suna nan, kuma a kansu furen baɗi zai fito. Furensa ya fi girma, wani faɗinsa ya kai inci 8. Sunansa a Sin mudan, kuma can ne kaɗai ake samunsa a daji.

Na uku, wani mai lambu ne a Japan, Toichi Itoh, ya haɗa waɗannan biyu a shekarar 1948. Ya rasu a 1956, bai ga furen abin da ya haɗa ba. Irin nan ganyensa da furensa na mai itace ne, amma yana bushewa da sanyi kamar mai ɗanyen kara. Yadda ake shuka mai ɗanyen kara, haka ake shuka shi.

INDA AKE NOMANSA

Mutanen Sin sun fi shekara dubu suna renon wannan fure. Birnin Luoyang ya yi suna da shi tun zamanin daular Tang, daga shekarar 618 zuwa 907, kuma tun 1983 ake yi masa biki a birnin kowane watan Afrilu. A Heze, cikin lardin Shandong, gonaki ne sukutum na mai itace. A Bozhou, cikin lardin Anhui, ana noman mai ɗanyen kara domin saiwarsa: a bar ta shekara 3 zuwa 5 a ƙasa, a haƙe, a tafasa, a kankare bayan, a shanya, a kai kasuwar magani. A shekarar 2011 hukumar lafiya ta Sin ta yarda a ci man da ake matsewa daga 'ya'yan waɗansu ire-iren mai itace, daga nan gonakinsa suka daɗa yawa.

Wajen furen yanka kuwa, watau wanda ake sayarwa a dami domin biki da ado, Holan ce kan gaba. Nata yana fitowa a Mayu da Yuni. Na Alaska, can ƙuryar arewacin Amurka, yana fitowa a Yuli da Agusta, lokacin da na sauran wurare ya ƙare, saboda haka yana tsada. Na Chile da Niyu Zilan sai Nuwamba da Disamba. Ka lura da abu guda: duk wuraren nan da na lissafa, ƙasashen sanyi ne.

SANYI SHI NE SHARAƊIN FARKO

Idanun fiyoni barci suke yi, ba abin da ke tashinsu sai sanyi mai tsawo. Mai ɗanyen kara yana bukatar sa'a 500 zuwa 1,000, gwargwadon iri, a cikin sanyin da bai wuce digiri 4 ko 5 ba a ma'aunin santigireti. Wannan shi ne sanyin cikin firij. In ka lissafa, makonni ne masu yawa. Mai itace bukatarsa ba ta kai haka ba, amma shi ma sai ya sha nasa. In bai sami sanyin nan ba, ko dai ya ƙi tsirowa, ko ya fito a tsumbure ba fure, sa'an nan ya yi ta ramewa har ya mutu. Ba taki ko ban ruwa da zai maye gurbin wannan. Ka riƙe maganar nan, za mu komo kanta.

ZAƁEN WURI

Yanzu ga yadda ake aikin a inda sanyin yake. Wanda tafiya ta kai shi aikin lambu a irin waɗannan ƙasashe, ko ɗalibin aikin gona, ya saurara da kyau.

Fiyoni ba ya son ƙaura. In ya ji daɗin wuri yakan shekara 50 ko fiye yana ba da fure, in kuwa ka tumɓuke shi sai ya yi shekara biyu ko uku yana jinya. Saboda haka ka zaɓi wurin sau ɗaya, ka zaɓa da kyau.

1. Rana. Mai ɗanyen kara yana son rana a ƙalla sa'a 6 kullum. Mai itace yana jure 'yar inuwa da la'asar, furensa ma ya fi daɗewa a haka.

2. Ƙasa. Mai zurfi, mai taki, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Ka haƙa rami ka cika da ruwa. In ka dawo bayan rabin yini ka tarar da ruwan yana nan, wurin bai yi ba, sai ka tada kunya mai tudu ka shuka a kai. Saiwar da ta kwana cikin taɓo ruɓewa take yi. Ba ya son ƙasa mai tsami. In an auna, daga 6.5 zuwa 7 shi ne daidai.

3. Maƙwabta. Ka nisanci gindin manyan itatuwa, domin saiwoyinsu za su ƙwace ruwa da taki. Kada kuma ka matse shi a lungun da iska ba ta ratsawa.

LOKACIN SHUKA

A ƙasashen arewa ana shukawa a Satumba da Oktoba, kamar mako shida kafin ƙasa ta daskare. Dalili kuwa, a lokacin nan ne yake fid da ƙananan saiwoyi masu shan ruwa. Wanda aka shuka a Maris ko Afrilu yakan tsiro tun ba shi da saiwar da za ta riƙe shi, yakan kuma bi bayan 'yan'uwansa da shekara guda.

SHUKA MAI ƊANYEN KARA

Ka sayi tsagin saiwa mai ido 3 zuwa 5, da saiwoyi masu kauri biyu ko uku. Ka latsa ka ji tauri. Mai laushi, ko mai wari, ko mai funfuna, ka bar wa mai shi. Araha ba ta ado: tsagi mai ido ɗaya zai ci maka ƙarin shekara ɗaya ko biyu.

Ka haƙa rami faɗin ƙafa 2, zurfin ƙafa ɗaya da rabi. Ka gauraya ƙasar da ka fitar da takin gargajiya wanda ya ruɓe sarai, ka mayar da ita, ka danna da ƙafa don kada ta lotsa daga baya. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji kada ya taɓa saiwa, ƙone ta zai yi.

To, ga wurin da yawancin mutane ke yin hasara. Ka ajiye saiwar, idanu suna duban sama, ƙasar da za ta rufe su kada ta wuce inci 2. A inda sanyi bai tsananta ba, inci 1 ya isa. Ka gitta sanda a bakin ramin ka auna da yatsunka, faɗin yatsa biyu ko uku ne kawai. In ka binne idanun da zurfi, shukar za ta yi ganye kore shar, ka yi ta murna, amma shekara ta bi shekara ba fure. Ba cuta ba ce, ba rashin taki ba ne, zurfi ne. Maganinsa sai an haƙe an ɗaga, a sake jiran shekara biyu.

Ka bar ƙafa 3 zuwa 4 tsakanin gindi da gindi. Ka ba da ruwa sosai. In ƙasa ta lotsa ta ja saiwar ƙasa, ka ɗago ta tun a ranar.

SHUKA MAI ITACE

A nan hukuncin ya juya. Yawancin dashen mai itace ɗan aure ne: akan yanko ɗan reshe mai ido ɗaya ko biyu a Agusta ko Satumba, a aura shi a kan guntun saiwar mai ɗanyen kara. Kai da ka saba da mangwaro da lemo 'yan aure, ka san ƙa'ida ita ce mahaɗin ya tsaya sama da ƙasa. A fiyoni mai itace kuwa binne mahaɗin ake yi, inci 4 zuwa 6 a ƙarƙashin ƙasa.

Me ya sa? Saiwar da aka aura masa 'yar reno ce kawai. Aikinta ta shayar da reshen shekara biyu ko uku, har ya fid da saiwar kansa. In ba ka binne shi ba, ba ta inda zai yi saiwa. Zai zauna a kan saiwar aro, ya ƙi girma, wata rana iska ta karya shi daga mahaɗin.

Ka duba dashen tun kafin ka sa shi a rami. Za ka ga inda siririn reshe ya shiga saiwa mai kauri, nan ne mahaɗin. Ka bar ƙafa 4 zuwa 5 tsakanin gindi da gindi.

Wani lokaci 'yar renon kan yi tsiro nata. Za ka gane shi: ganyen mai itace ba ya ƙyalli, kuma yana da tsaga-tsaga da yawa, na 'yar reno kuwa kore ne mai sheƙi. Ka tone ƙasa ka cire shi daga tushe. In ka bar shi zai rinjayi wanda ka saya da tsada.

KULAWA

Ruwa. Shekarar farko kada ka bar shi da ƙishi. Sau ɗaya a mako, ruwa mai ratsa ƙasa, ya fi yayyafi kullum. Ka zuba a gindi, kada ka jiƙa ganye.

Taki. Ba mai haɗama ba ne. Ɗan takin zamani kaɗan in tsiro ya kai tsawon yatsa, sa'an nan wani bayan fure ya wuce. Ka zagaya shi nesa da kara, kamar taƙi guda. Takin da ke sa ganye, irin su yuriya, in ya yi yawa sai kara ya yi laushi, fure ya ragu, cuta ta samu ƙofa.

Ciyawa. Ka cire da hannu a kusa da gindi, domin fartanya tana sare idanu. In ka rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa, ka bar kan saiwar a buɗe, in ba haka ba ka ƙara masa zurfi ke nan ba ka sani ba.

Tokara. Furen mai ɗanyen kara yana da nauyi, ruwan sama ɗaya sai ya kwantar da shi. Ka kafa zoben waya ko sanduna tun tsiron yana gajere, ya girma a ciki.

Aski. In ganyen mai ɗanyen kara ya bushe a Oktoba ko Nuwamba, ka yanke shi dab da ƙasa. Kada ka yanke tun yana kore, shi ke tara wa saiwa abincin baɗi. Mai itace kuwa, kul ka yanke shi ƙasa! Busasshen reshe kaɗai za ka cire, bayan toho ya nuna maka mai rai da matacce. Ma'aikacin da bai bambanta su ba yakan sare furen shekaru cikin minti ɗaya.

CUTUTTUKA

Babbar cutarsa wata funfuna ce mai launin toka, wadda ke zuwa in an yi sanyi da danshi tare. Sabon tsiro ya yi baƙi daga gindi ya faɗi, ƙullin fure ya bushe bai buɗe ba. Cutar tana kwana a cikin tsohon ganye. Saboda haka duk abin da ka yanke ka kwashe ka ƙone, kada ka zuba a ramin taki. Tazara da iska sun fi feshi amfani. Rigakafi ya fi magani.

Akwai kuma tsutsar saiwa wadda ido ba ya gani, irin mai sa saiwar tumatir da kuɓewa ƙuraje. In ka ga ƙulle-ƙulle a ƙananan saiwoyi, kada ka saya, kada ka shuka.

Za ka ga tururuwa sun yanyame ƙullin fure. Zaƙin da ke tsatsowa suke sha, ba sa yi masa lahani, ba kuma su ke buɗe shi ba kamar yadda waɗansu ke cewa. Kada ka ɓata maganinka a kansu. Ka dai hana dabbobi kiwo a wurin, domin shukar tana ɓata cikin doki da kare da kyanwa.

YAUSHE ZA A GA AMFANI?

Shekarar farko tsiro kaɗan, watakila ba fure. Ta biyu fure ɗaya ko biyu. Sai ta uku ko ta huɗu yake cika. Kowane gindi kuma furensa bai wuce kwana 7 zuwa 10 ba a shekara. Mai noman sayarwa ba ya yanka a shekara biyun farko, har ƙullin yake tsinkewa don saiwa ta yi ƙarfi.

In lokacin yanka ya yi, da sassafe ake yi, tun furen bai buɗe ba, sa'ad da ƙullin ya nuna launi, ya kuma yi laushi in an latsa. A haka yana ajiyuwa makonni a ɗakin sanyi na digiri 1 ko 2. Kada ka yanke fiye da rabin karan gindi guda, in ba haka ba ka ci baɗi tun bana.

Ƙara iri kuwa ta hanyar tsaga saiwa ne, bayan gindi ya shekara huɗu ko biyar. Ka haƙe a Satumba, ka wanke, ka bar ta ta sha iska sa'o'i kaɗan don ta rage gautsi, ka tsaga da wuƙa mai kaifi, kowane tsagi da idonsa 3 zuwa 5, kamar yadda kake yi wa citta. Shuka ƙwaya hanya ce mai nisa. Ƙwayar tana son ɗumi ta fid da saiwa, sa'an nan sanyi ta fid da ganye, fure sai bayan shekara huɗu ko biyar, kuma ba lalle ya yi kama da uwarsa ba.

ZAI YI A ƘASARMU?

Mu komo maganar sanyi. Hunturun Kano, da asuba yakan sauka wajen digiri 12 ko 13, da rana kuma ya kusa 30. A Jos da tsaunin Mambila ya fi haka sauka, amma na 'yan sa'o'i ne, hantsi na yi ya wuce. Ko kusa bai kai abin da fiyoni ke nema ba. Ga kuma zafin Afrilu mai kai digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ga daminar Agusta mai ruɓar da saiwa.

A Isra'ila akwai manoman da ke renonsa a cikin manyan tukwane ko akwatuna, su kai ɗakin sanyi ya yi makonni, su fito da shi ya yi fure da wuri, su sayar a Turai. Wannan aiki yana son lantarkin da ba ya ɗaukewa da jari mai yawa, kuma su suna da nasu lokacin sanyi mai sauƙi da shukar ke girma a ciki. Ba sana'ar ƙaramin manomi ba ce.

Saboda haka in wani ya kawo maka ƙwaya a 'yar takarda mai hoton fure shuɗi ko baƙi ƙirin, ya ce wata uku za ka gani, riƙe kuɗinka. Babu fiyoni shuɗi. Launukansa fari ne, da ja, da ruwan hoda, da jan garura mai duhu, da rawaya. In saiwa ce aka kawo, tana iya tsirowa sau ɗaya, domin ta sha sanyi tun daga can, mai gida ya ga ganye ya biya ka. Baɗi kuwa ba za ta tashi ba, kai za a zo nema. Ka tuna kuma, shigo da saiwa ko iri daga waje sai da izinin hukumar killace tsirrai, don kada a shigo mana da cutar da ba mu da ita.

Mai neman fure babba mai ƙamshi, ka nuna masa wardi, yana yi a Jos da Zariya in ya sami ruwa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Ba sanyi mai tsawo, ba fure.
2. Mai ɗanyen kara: idanu inci 1 zuwa 2 kawai a ƙarƙashin ƙasa.
3. Mai itace: mahaɗin aure inci 4 zuwa 6 a ƙarƙashin ƙasa.
4. Mai ɗanyen kara ake yankewa ƙasa, mai itace ba a taɓa rassansa masu rai.
5. Ruwa kada ya kwanta, ɗanyen taki kada ya taɓa saiwa.
6. Tsohon ganye a ƙone shi.
7. Haƙurin shekara uku kafin riba.

Kowace sabuwar shuka aka kawo maka, ka yi tambaya uku: daga wace ƙasa ta fito, wane yanayi take so, wa ya taɓa gwada ta kusa da kai? In ba ka gamsu da amsa ba, ka je wurin malamin gona na yankinku tun kuɗin suna aljihunka.